Gwaggo da Kujerarta Mai Tafiya Tayil-Tayil

Ƙarfe bakwai saura kwata Gwaggo take hawa benen, tun mai kemis ɗin da ke ƙasa bai ɗaga ƙofarsa ba. Matakala ashirin da biyu ne. Ta ce a da ba ta san adadinsu ba, sai da gwiwa ta fara yi mata magana. In ta buɗe ɗakin, tagogi take fara wangalewa, iska ta kori warin zufar jiya, sannan ta ja labulaye ta haɗe bakinsu da fil, don kada wani daga benen da ke fuskantarmu ya hango ko inuwar mace. Ta share, ta goge. Ruwan gugarta ba shi da ƙamshi. Tuntuni ta hana a sayo mai ƙarfin nan, ta ce yana shaƙe jarirai. Sai ta shimfiɗa katifun roba goma, biyar gaba biyar baya, ta jera ƙananan ƙarafan ɗagawa a jikin bango, marasa nauyi a hagu.

Akwai na ƙarshe, wanda ba wanda ya sa ta. Takan durƙusa da gwiwoyin nan nata, ta bi ƙasa da tafin hannu tana lalube. Maɓallin riga, bayan ɗankunne, guntun fil. Tana da wani gwangwanin madara da take tara su a ciki.

"Tsintsiya tana tsallake abu," in ji ta, "amma mai rarrafe ba ya tsallakewa. Kuma baki zai kai."

Wurin ɗan ƙaramin ɗakin motsa jiki ne na mata zalla, mutum goma a kowane rukuni. Mai wurin, wadda ita ce ke koyar da mu, Malama muke ce mata, kuma kowa a unguwa ya san ta, sunanta ne a allon ƙofa. Gwaggo ba ta kan allo. Ita ce mai shara, ita ce kuma mai riƙe mana yara mu samu mu yi abin da ya kawo mu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara goma sha ɗaya, 'yarta za ta ɗauke ta ta koma wurinta, saboda benen ya fi ƙarfinta. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ni ba marubuciya ba ce, uwa ce mai 'ya ɗaya, amma ba na so matar nan ta sauka daga benen nan ba a faɗi abin da ta yi ba.

Malama ta ba mu labarin yadda riƙon yaran ya samo asali. Shara kaɗai aka ɗauke ta. Wata safiya, a shekarar farko, wata mata ta hawo da goyo, ta leƙa, ta ga ba inda za ta ajiye yaro, ta juya za ta sauka. Gwaggo ta jingine tsintsiya, ta wanke hannu, ta bi ta matakala ta ce, "Dawo, ai akwai ni." Malama ta ce daga ranar ba ta ƙara rasa mai jego a rukunin safe ba, kuma ita kanta ba ta san cewa abin da ke hana mata zuwa ke nan ba. Tana ta tunanin ko fanka ce ta yi kaɗan.

Ni kuwa ga yadda na zo.

'Yata bakwaini ce. Tiyata aka yi mini, aka ciro ta da nauyin da bai kai na kwalin sukari biyu ba, ta yi kwana ashirin da uku a kwalba. Babanta ya sa mata Tsuntsuwa, sunan ya bi ta. Da muka dawo gida na zama wata iri, kuma na san na zama. Ba mai ɗaukar ta. Mahaifiyata da ta haife ni sai ta wanke hannu sau biyu, kuma ina tsaye a kanta. Wanka nake yi ƙofa a buɗe. Ƙanwar mijina ta yi fushi da ni wata guda don na karɓe yarinyar daga hannunta da na ji ta yi atishawa, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba.

Tana da wata biyar, wata safiya na sunkuya zan ciro ta daga bahon wanka, bayana ya riƙe. Ba ciwo irin na gajiya ba, kamar an soka mini ƙarfe. Na zube a kan gwiwa da ita a ƙirjina, jiƙe, tana santsin sabulu. Ban sake ta ba, Allah ya taimake ni, amma na kasa tashi. Muna nan a ƙasa tana tsala kuka har maƙwabciyata ta ji ta shigo.

Likita ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce tun bayan tiyatar naman cikina bai koma aiki ba, baya ne ke ɗaukar nauyin duka shi kaɗai. "Yarinyar nan ƙara nauyi za ta yi ta yi," ta ce, "bayanki kuma ba ƙara haƙuri zai yi ba. Magani zai rage zafi. Ƙarfi kuwa sai kin motsa." Ta kwatanta mini benen nan.

To ga inda na tsaya. In ina so in ci gaba da ɗaukar 'yata ba tare da na yar da ita wata rana ba, sai na yi ƙarfi. Ba kuma zan yi ƙarfi ba sai na ajiye ta a hannun wata, minti arba'in, sau biyu a mako. Ni da ban taɓa ajiye ta minti biyar ba.

Ranar da na zo gwaji, da niyyar in leƙa in koma na zo, don in ce wa likita na je. Na tarar da mata tara, kowa da dogon wando da riga mai faɗi, ana ta hira ana ɗaure ɗankwali. Na tambayi Malama ko zan iya yi da goyo.

"Rabin abin da za ki yi a kwance ne, rigingine," ta ce. "A kanta za ki kwanta?"

Wata mai fara'a da ake kira Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ke 'yar'uwa, miƙa wa Gwaggo ki huta. Ni da za ta yarda, da har babansu na kawo mata."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ƙara matse majanyi, na soma neman takalmina da ido.

A nan ne na fara ganin Gwaggo da kyau. Gajeruwa ce, mai faffaɗar kafaɗa, tana zaune a kusurwa kan wata farar kujerar roba, yara biyu na wasa a tabarma gabanta. Na saba da yadda mutane ke yi: su taso da hannu a miƙe suna "kawo ta, kawo ta," ni kuma in ja da baya. Ita ba ta miƙo hannu ba. Ta tashi, ta ɗauki kujerarta, ta ratso ɗakin, ta dire ta daf da katifar ƙarshe ta layin baya. Ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a inda zan gani. Ta dawo ta zauna, ta ɗora hannuwan a cinya.

"Wata nawa ta yi a ciki?"

"Bakwai."

"Kwalba?"

"Kwana ashirin da uku."

"Sannu," ta ce. "Sannu 'yata. Kin ga abu." Ta nuna mini katifar. "Ba sai kin ba ni ita ba. Ki kwanta a nan, ki ɗora ta a cinyata kamar yadda za ki ɗora ta a kan filo. Hannunki na kai wa gare ta. In kin ji ba ki iya ba, ki ɗauki abarki, ba wanda zai ce komai. Waccan mai bakin ma zan yi maganinta."

"Ni kuma me na yi?" in ji Maman 'Yan Biyu.

Na ɗora ta. Duk abin da Malama ta ce a yi ranar, da hannu ɗaya na yi shi, ɗayan yana riƙe da ƙafar Tsuntsuwa. Ban iya ɗaga ƙuguna daga ƙasa ko kamu ɗaya ba. Da aka tashi, Gwaggo ta ce mini abu guda, wanda shi ya sa na dawo.

"Ni ba na rufa wa yaro asiri. In ta yi tari zan gaya miki. In ta yi abin da ban gane ba zan kira ki, ko kina tsakiyar me. Saboda haka in kin ji shiru, to lafiya ce."

Ta kuwa cika. Ranar zuwana na uku ta kira ni don wani ɗan jan tabo a wuyan yarinyar, ashe zufa ce. Ta kira ni don ta yi shaƙuwa. Malama har ta ce, "Gwaggo, a bar baiwar Allah ta gama ƙirga goma mana." Gwaggo ta ce, "Za ta gama. Ni da ita muna da magana." A hankali na koyi cewa shirunta abin dogaro ne, domin na ga abin da take yi in ba lafiya ba.

Abin da ban sani ba shi ne kujerar tafiya take yi.

Ƙasan ɗakin tayil ne, manya, masu launin toka. Duk zuwan da zan yi, kafin in iso, Gwaggo ta matsar da kujerar tayil ɗaya. Ɗaya tak. A mako na biyu hannuna ya daina kai wa ƙafar yarinyar, amma ina juya kai zan gan ta. A wata na biyu sai ta madubin bango nake hango su, Gwaggo ta zaunar da ita fuskarta na kallon madubin, tana ce mata, "Ƙawata, kalli uwarki, wai ita nan ƙarfe take ɗagawa." Ni duk ban lura ba. Na ɗauka ɗakin ne haka. Sai ranar da Maman 'Yan Biyu ta zungure ni muna shan ruwa.

"Kin kai tayil na sha huɗu fa. Ni a na shida na gane, na ce mata ta ƙara gudu."

"Wane tayil?"

Ta nuna mini da baki. Na juya na ga kujerar ta kusa komawa kusurwarta. Na ji kunya, na ji haushi kaɗan, sai kuma na ji hawaye. Na je na ce, "Gwaggo, ashe wayo kike yi mini."

"Ni? Ƙafar kujerar ce ke da santsi."

Gwaggo, ke ce kika gane cewa ba a ƙwace yaro daga hannun uwar da ta tsorata, ba a kuma yi mata wa'azi. Kowa ya gaya mini in saki jiki: mahaifiyata, mijina, likita, maƙwabta. Duk gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya nuna mini ta inda ake farawa. Ke ba ki ce komai ba. Kin auna tsorona da tayil, kika riƙa rage shi daidai yadda zan iya ɗauka.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata tela a rukuninmu, mace mai shiru, wadda ta yarda in faɗi nata. Ta haihu yaron bai zo da rai ba, hawan jini ya kama ta, aka ce ta riƙa motsa jiki. Kullum katifar gaba ta can ƙarshe take ɗauka, inda ko madubi ba zai nuna mata kusurwar yara ba, kuma ana gamawa take fita. Gwaggo ta bar ta wata biyu. Wata rana ta tambayi Maman 'Yan Biyu a asirce ko ta yarda a miƙa wa telar ɗaya daga cikin 'yan biyunta, ta ce ta yarda. Da aka tashi, telar na wucewa, Gwaggo ta ce, "'Yata, zanina na kwancewa, riƙe mini wannan in ɗaura." Kafin ta yi magana yaro yana hannunta. Waɗanda suke wurin sun ce Gwaggo ta yi kusan minti goma tana ɗaurin zani ɗaya. Telar ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta ce ba ta yi ba tun daga asibiti, yaron na wasa da igiyar awo da ke wuyanta. Yanzu ita ke ɗinka wa yaran kusurwar nan 'yan huluna da ragowar yadi.

Sai ranar da ba zan manta ba.

Tsuntsuwa na da wata tara. Ta tashi da 'yar mura, ba zazzaɓi, ta sha nono, na duba ta sama da ƙasa na ga ba komai. Lokacin kujera ta riga ta koma kusurwa. Muna kwance, Malama na ƙirga mana numfashi a hankali, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa daga sifika. Sai na ji kiɗan ya ɗauke. Na buɗe ido na ga Gwaggo tsaye a kaina da yarinyar a kafaɗa. Ita ce ta kashe, abin da Malama ta ce ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya.

"Tashi ki ɗauki mayafinki. Asibiti za ku."

"Me ya faru? Ta faɗi?"

"Ba ta faɗi ba. Kullum tana ƙirjina in Malama na ƙirga. Kafin a kai goma, Ƙawata takan yi numfashi shida, in ta yi yawa bakwai. Yau sha ɗaya take yi. Na ƙirga sau uku." Ta ɗaga rigar yarinyar. "Kalli nan, ƙarƙashin haƙarƙari. Kin ga yana lotsawa?"

Na gani. Telar ce ta riƙe ni muka sauka, Malama ta bar aji ta tare mana mota. A asibiti aka ce limoniya ce, ciwon huhu, ta fara kama ta. Kwana huɗu muka yi, da robar iska a hancinta, irin wadda na yi rantsuwa ba zan sake gani ba. Likitan yara ya ce mun zo da wuri, kuma ga yarinyar da aka haifa bakwaini, kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ya tambaye ni yadda aka yi na lura. Na ce ba ni ba ce.

Da muka dawo gida na koma yadda nake a da, har na fi. Na ce wa babanta na gama da benen nan. Cikin mutane ta ɗauko, da ina gida da ita da haka bai faru ba. Bai yi gardama da ni ba. Sai ya ce, "To bayan fa?" Na ce baya ya yi abin da zai yi. Mako biyu ina riƙe da ita, kuma a mako biyun nan na ji ƙarfen nan ya soma dawowa duk sanda na sunkuya. Akwai kuma abin da na kasa kore shi daga raina. Da safen nan ni na duba ta, da idon nan nawa da ba ya barin ta, ban ga komai ba. Da ina gida da ita, da rungume ta zan yi ta yi har yamma, ina ce wa kaina mura ce.

Na koma ranar wata Talata, da niyyar in gaida Gwaggo in yi godiya kawai. Na hau, na shiga, sai na ga kujerar. Tana daf da katifata, a tayil na farko, inda ta fara. Ashe tun ranar da muka tafi asibiti, duk safiyar rukuninmu a nan take ajiye ta, ko zan zo.

"Ƙawata ta rame," ta ce, "amma idon nan na nan." Ta dube ni. "Kada ki damu. Mu sake daga farko. Ba inda za mu."

Na tsaya ina kallon kujerar. Sannan na kwance goyo, na sa mata Tsuntsuwa a hannu, na sunkuya yadda Malama ta koya mana, gwiwa a lanƙwashe baya a miƙe, na ɗauki kujerar na kai ta kusurwa da kaina. Maman 'Yan Biyu ce ta fara magana.

"To, an kori Gwaggo daga aikin turin kujera."

Ranar na yi minti arba'in cur. Na waiwaya sau biyu, ba zan yi ƙarya ba.

Yau Tsuntsuwa na da wata goma sha biyar. Tana tafiya, tana ɓarna, nauyinta ya kusa kilo tara, ina ɗaga ta sama da hannu biyu in juya da ita bayana bai ce uffan ba. Na kai ta gidan kakarta ta wuni, na dawo gida na yi barcin rana. Wanda bai san ni a da ba ba zai gane girman wannan ba.

Gwaggo, uwar masu jego, mai hannu mai sanyi. Ba ki taɓa hawa katifar roba ba, ba ki taɓa ɗaga ƙarfe ko ɗaya ba sai don ki goge ƙarƙashinsa, amma duk ƙarfin da muka samu a ɗakin nan ta hannunki ya biyo. Kin riƙe 'ya'yan da ba ki haifa ba har wasu sun shiga makaranta, ba su ma san ki ba. Mu mun san ki. Na gode da 'yata. Na gode da bayana. Allah ya saka miki da alheri, ya sanyaya miki gwiwa, ya ba ki masu riƙe ki yadda kika riƙe namu.

Ku kuma masu karatu, roƙona ɗaya ne, kuma mai yiwuwa ne. Akwai mata da yawa da likita ya ce su motsa jiki, ko su je a duba su, ko su ɗan yi barci, abin da ya hana su bai wuce rashin wanda za su ba yaro na minti arba'in ba. Wata maƙwabciyarki ce, wata matar ƙaninki. Kada ki ce mata ta saki jiki. Ki wanke hannu a gabanta, ki zauna kusa, ki bar ta ta miƙo da kanta. In kuma kin ga abin da ba ki gane ba a jikin yaro, ki faɗa nan take, ko za a ce kin cika tsoro.

Mu a benen, kafin Malama ta sami wata, mun manna takarda a bayan ƙofa. Kowace za ta sadaukar da zuwa ɗaya a wata ta zauna a kusurwa. Na sa sunana a Talatar farko. Da na gaya wa Gwaggo, na ɗauka za ta sa mini albarka. Sai ta kamo hannuna ta juya shi, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Da wannan farcen za ki riƙe mini yaran mutane? Ki yanke. Zoben nan ma ki bar shi a gida, kuma ban da turare."

"To, Gwaggo."

"In ya yi kuka kada ki yi saurin kiran uwar. Kuka ba ciwo ba ne. Numfashi za ki saurara."

Jiya da yamma na zauna a bakin ƙofa na yanke su duka goma, har ƙasa.